Haruffan Baba Masu Takalmi

Ina kan keken ɗinki da hantsi, ina kafa hannun wata riga, kiran Yaya ya shigo. Yaya ba ya kirana da hantsi. Ko gaisawa bai tsaya mun yi ba, ya ce, "Ki zo gida, Baba ya cika." Na ce, "Wane Baban?" Har yau ban san abin da ya sa na faɗi haka ba, uba ɗaya gare mu. Ya ce, "Ke dai ki zo." Na ajiye wayar ina salati, sai can na lura ƙafata ba ta daina taka keken ba, allura tana ta hawa da sauka alhali rigar ta riga ta zame ƙasa. Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma, babu wanda zai yi saura.

Bai yi doguwar jinya ba. Tarin da ya daɗe yana fama da shi ne, wanda likita ya ce warin fenti ne ya taru masa a ƙirji. Ran nan ya sha kokonsa, ya ce wa Inna zai ɗan kishingiɗa kafin ya fita shago. Kafin azahar an kai shi.

Gidan ya cika. Gwaggo, ƙanwarsa da ke aure a Achika, tun daga zaure ta shigo da kuka, ta zauna ta share hawaye ta ce, "Mutum ne mai faɗan tsiya, amma ban taɓa kama shi da ƙarya ba." Mata suka ce Allah ya gafarta masa, wasu suka yi murmushi a cikin mayafi, don duk wadda ta san shi ta san ba sharri Gwaggo ta yi masa ba. Wani tsohon direban babbar mota, wanda idonsa ya riga ya yi rauni, aka jawo shi har bakin ƙofar Inna ya yi mata gaisuwa. Ya ce a zamanin da yake ɗauko kaya daga gabas, ba gada ce take gaya masa ya iso Wudil ba, rubutun Malam ne a bakin titi. Wannan na yarda da shi, na kuma yi kuka.

Sai wani mai walda, shi ma dattijo, ya ɗaga murya daga bayan labule yadda kowa zai ji, ya ce allon da Malam ya rubuta masa tun yana saurayi har yau yana nan, ko kusurwa bai ci ba. Gaskiya ne yana nan. Ina wuce shagonsa duk ranar kasuwa. Ya daɗe da sauke shi daga saman ƙofa, ya jingine shi a gefe yana kare tartsatsin wuta da shi, a wurinsa kuma ya rataya ƙyallen roba irin wanda inji yake bugawa. Na sunkuyar da kai na ce amin tare da sauran mata. A gidan makoki ba a ƙaryata mai gaisuwa.

Ranar sadakar uku na fito rakiyar dangin maigidana har bakin zaure. Ina ɗaga kai na ga an ɗaura wani babban ƙyallen roba a saman ƙofar gidanmu, don baƙin da ke zuwa daga Kano su gane gidan. Yaya ne ya buga shi a injinsa. Babu hoto a jiki, don ya san Baba ba ya so. Baƙin rubutu ne a kan fari, manyan haruffa masu faɗi, irin waɗanda suka yi kama da na Baba. An rubuta: ALLAH YA JIKAN BABA.

Jika shi ne ɗan ɗanka. Jiƙa ita ce rahamar da muke roƙa wa mamaci. Abin da ya raba su ƙugiya ce ɗaya a kan harafi ɗaya, kuma a kan wannan ƙugiyar mahaifinmu ya ƙarar da ƙarshen rayuwarsa. Na tsaya a bakin zauren nan ina kallon rubutun. Kwana uku ina kuka, amma ban ji zafin da na ji a lokacin ba.

Don wanda bai san shi ba, Baba mai rubutun allon shago ne. Da jikin manyan motoci ya fara a tasha, irin rubutun nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da furanni. Shi da bakinsa ya ba mu labarin yadda ya bar wancan. Ya ce wata shekara aka kawo wani tsohon injin ban ruwa bakin kogi, ya ga wani ɗan farantin ƙarfe a jikinsa da sunan waɗanda suka ƙera shi. Haruffan gajeru ne, masu faɗi, kowanne an yi masa ɗan dandamali a ƙarshen ƙafa da ƙarshen hannu. Ya ce ya tsuguna a gaban injin nan har masu shi suka fara zargin ɓarawo ne. Ya ɗora takarda a kan farantin, ya goga gawayi, ya taho da su gida. Haruffa kaɗan ne a jiki. Sauran duk shi ya zauna ya fitar da su, ɗaya bayan ɗaya, a kan tsarin waɗancan.

Shi ya sa musu suna haruffa masu takalmi. Yakan ce harafin da ke tsaye a bakin titi ba takalmi, ƙaya ce rabonsa. Yana da dokokinsa da ba ya ɗaga wa kowa. Faɗin harafi ya fi tsayinsa. Kaurin takalmi daidai da kaurin ƙafa, ba siriri ba. O kuwa ba da hannu ake zagaya shi ba, da kwamfas ne: rabin da'ira a nan, rabin da'ira a can, a haɗa su da miƙaƙƙen layi sama da ƙasa. Kafin ya taɓa burushi sai ya shafa wa igiya alli, ya ɗaure ta a gefe biyu na allon, ya ja ta ya saki, ta bar masa layi. In ka tambaye shi dalilin faɗin, sai ya ce, "Direba ba karatu yake yi ba, gani yake yi. Kafin ya ƙifta ido ya wuce. Dogon harafi siriri ai sai mai tafiya a ƙasa."

Kuma ba kowa yake rubuta wa su ba. Masu walda, masu gyaran inji, masu haƙa rijiyar burtsatse, masu cajin batir, masu awon fili, waɗannan ne masu takalmi. Wai duk wanda sana'arsa take da nauyi, rubutunsa ma ya yi nauyi. Wani mai shayi ya taɓa zuwa ya ce, "Malam, irin na mai waldan can nake so."

Baba ya dube shi ya ce, "Shayin naka da guduma ake sha?"

"Haba Malam, ai shagona ne."

"Shagonka ne, hannuna ne. In kana son mai furanni in yi maka wanda ƙudaje ma za su tsaya karantawa. In ba ka so, ga hanya."

Mutumin ya tafi yana ƙunƙuni, bayan kwana biyu ya dawo ya karɓi mai furanni.

Ba zan ce mai sauƙin kai ba ne, don in na faɗa Gwaggo za ta ƙaryata ni. Ya taɓa yin wuni guda bai yi wa Inna magana ba don ta tokare taga da rularsa. Yakan goge allon da ya gama tas, mai shi yana tsaye yana roƙonsa ya bari, don kawai tazarar da ke tsakanin haruffa biyu ba ta yi masa ba. Hannunsa kullum warin kananzir yake, da shi yake wanke burushi, har goron da ya ɓara ya miƙo maka sai ka ji shi.

Ni sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa Uwata yake kirana. Da na yi aure na samu keken ɗinki, na je na durƙusa na ce ina son allo a ƙofar gida. Ya ce, "To Uwata, zan yi miki mai kyau, da fure a kowace kusurwa."

Na ce, "Ni mai takalmi nake so."

Ya ce, "Ɗinki ai aikin zare ne."

Na ce, "Baba, keken da me aka yi shi?"

Sai ya fashe da dariya har tarin ya taso masa. Ya ce, "Ƙarfe ne kuwa. Kin kama ni."

Sai dai kalmar da ɗ take farawa, kuma a lokacin babban Ɗ ɗinsa bai gamsar da shi ba. A tsarin da komai miƙaƙƙen layi ne ko yankin da'ira, ina za a sa ƙugiya ta zauna kamar da ita aka haife shi? Ya yi kwanaki yana zane a ƙasar zaure da tsinke, yana sharewa da tafin ƙafa. Inna ta aiko min cewa in zo in janye maganata, na hana mutum cin abinci. Daga ƙarshe ya samo ta: rubu'in da'ira ya fito daga kafaɗar hagu, ya sauko, shi ma ya yi masa ɗan takalminsa a ƙarshe. Da kansa ya ɗauko allon a ka har Sabon Gari, ya hana maigidana taɓa guduma, ya kafa shi. ƊINKI. Ya ja da baya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Uwata, kin sa na samu harafi." Allon yana ƙofata har yanzu. Sau biyu Yaya yana cewa zai buga min sabo mai launi, na ce na gode.

A ƙuryar shagonsa akwai bangon da ya raba gaba da ɗan ɗakin da yake aiki. Ya shafe shi da farar ƙasa, ya raba shi gida-gida da igiyar allinsa. Duk harafin da ya gamsu da shi, sai ya zana shi a gidansa da baƙin fenti, shi ke nan ya zama doka, daga nan yake aunawa. Shekara da shekaru yana cika gidajen nan. Daga A har Z suna nan, lambobi suna nan, Ɓ yana nan, Ɗ ɗina yana nan. Gida ɗaya ne babu fenti a cikinsa, sai alli a kan alli: gidan Ƙ.

Ya taɓa yi min bayanin matsalar. K yana da hannu da ya miƙe sama a karkace, a ƙarshen hannun akwai takalmi, kuma a daidai nan ƙugiya take son fitowa. In ya bar takalmin, ƙugiya ba ta da wurin zama. In ya cire, sai harafin ya zama kamar agola a cikin 'yan'uwansa. Ba wai bai taɓa rubuta shi ba. Mutumin da abokan cinikinsa masu ƙarfe ne ai ba shi da mafaka. Ya rubuta ƘARFE a alluna da yawa a garin nan, amma kowanne da irin tasa ƙugiyar, kuma in zai wuce su kau da kai yake yi.

Yanzu sai in zo kan Yaya, kuma ina so in yi masa adalci ko da raina a ɓace yake. A hannun Baba ya koya, hannunsa kuma yana da kyau. Da ya ga gari ya juya, kowa yana son a yi masa yau ya karɓa yau, da hoto da launi, sai ya sayi kwamfuta da injin bugawa ya sa a gaban shagon. Da wannan injin aka ci abinci a gidanmu a shekarun nan. Shi ya yi ta kai Baba asibiti. Ban manta ba, ba kuma zan bari a manta ba.

Wata rana na je gaida Baba a shago, na tarar Yaya yana kiransa da murna. Wai ya yi ta nema a kwamfuta har ya samo haruffa irin nasa, masu faɗi, masu takalmi. Baba ya sa tabarau ya sunkuya a gaban gilashin. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Wanda ya yi wannan ya san aiki. Dubi O ɗinsa. Allah ya yi masa albarka ko wane ne." Yaya ya washe baki. Sai Baba ya ce, "Rubuta min ƙarfe."

Yaya ya danna. A wurin harafin farko sai wani ɗan akwati ya fito, fanko.

"Ina Ƙ ɗin?"

"Babu shi a ciki, Baba. Ba Bahaushe ne ya yi su ba."

"To ba laifinsa. Kai da kake Bahaushe me kake sa wa mutane?"

"K nake sawa. Ai kowa ya gane."

Baba ya cire tabaransa a hankali ya ninke. Ya ce, "Kowa ya gane. In na kira ka da sunan maƙwabci ina kallonka, ai za ka gane da kai nake. Sai in ci gaba?"

Daga ranar wannan magana ta zama ƙaya a tsakaninsu. Baba ya riƙa dawowa daga masallaci da labarin abin da ya gani a hanya. Wani gidan saukar baƙi an buga masa MASAUKIN BAKI, Baba ya tsaya ya tambayi mai gadi ko haƙora ma suna samun ɗaki. Wani mai ɗori an rubuta masa GYARAN KAFA. Mutane suna dariya in yana faɗa, shi kuwa ba wasa yake yi ba. Yakan ce mutanen da suka yarda a yanke wa harshensu ƙugiya don inji bai iya ba, gobe in inji bai iya sunan ubansu ba shi ma za su sauya.

Yaya ya kawo shawara, kuma shawara ce mai kyau. Ya ce akwai masu ilimin abin a jami'ar garin nan, za a iya ɗaukar haruffan bango hoto a shigar da su kwamfuta, su zama ana bugawa da su kamar kowane rubutu. Ya ce, "Ka gama Ƙ ɗin kawai, Baba, in kira su." Baba ya ce, "Ka fara da waɗanda ke nan, zai same su a hanya." Yaya ya ce ba a shigar da rabin abu. Baba ya ce shi kuma ba ya sa fenti a abin da bai yarda da shi ba. A haka suka tsaya, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara motsawa, suna cin tuwo a kwano ɗaya, har aka wayi gari ɗaya ya tafi. In na ce haushin Yaya kaɗai nake ji na yi ƙarya. Har shi mai tafiyar ina jin haushinsa, Allah ya yafe min. Da ya sa fentin nan ko yaya ne, da yanzu ba wannan nake rubutawa ba.

Ranar ukun nan, da na dawo daga zaure, na aika aka kira min Kawu, ƙanin Inna. Na ce ya taimaka ya sauko min da ƙyallen ƙofa. Ya dube ni ya ce, "Lafiya?" Na ce ya karanta shi da ƙarfi. Ya fita, ya dawo da shi a naɗe a hammata. Na shimfiɗa shi a tsakar gida. Fenti ba ya kama irin wannan roba da wuri, ni kuma ba mai fenti ba ce. Na yanki bakin baƙin mayafina, na fitar da rubu'in da'ira da almakashin Inna, na zare allura na fara ɗinke shi a hannun K ɗin.

Gwaggo ta leƙo ta ce, "Ke kuma ɗinki a gidan makoki? Sana'ar ba za ta jira ba?"

Na ce, "Addu'a nake gyarawa, Gwaggo."

Ba ta yi boko ba, sai da wata jikarta ta karanta mata yadda yake da yadda ya kamata. Ta riƙe baki ta ce, "La'ilaha illallahu! Kwana uku wannan ne a kan ƙofar?" Ta zauna ta riƙe min gefen ƙyallen har na gama. Ƙugiyar ta fito a karkace, babu takalmi. Da yana nan da ya sa na farke. Kawu ya mayar ya ɗaure. Yaya ya gani, na san ya gani, don da ya shigo da yamma bai dubi inda nake ba.

Bayan sadakar bakwai na karɓi mabuɗi a wurin matar Yaya na je shago, in kwaso burusan Baba kafin su bushe. A bangon haruffa na tarar da jan layi, an ja shi daga sama har ƙasa ta tsakiyar M, wani kuma ta gefen gidan Ƙ. Irin alamar da magini yake yi ce in zai fasa.

A ɗakin Inna na same shi, ya zo gaishe ta. Ban iya jira ya fito ba. Na ce, "Yaya, me magini yake aunawa a bangon Baba?"

Ya ce, "Babban inji zai shigo, gaban ba zai ɗauke shi ba. Tun yana da rai na gaya masa."

"Me ya ce?"

"Abin da ya saba faɗa. In bari ya gama."

"To ai bai gama ba."

"Kuma ba zai gama ba, ke ma kin sani." Muryarsa ta ɗaga. "Ke kina can gidan mijinki, ki zo ran Juma'a da kwanon dambu a ce Uwata ta zo. Ni nake nan da tarinsa da faɗansa. Kullum sai ya ce min na kashe Hausa a gaban yarana na shago. Bango nake ci? Zan ɗauke shi hoto kafin a taɓa."

Na ce, "Hoton da kake ɗauka tun yana da rai? Yaya, addu'ar mutuwarsa ma ba ka iya sa mata ƙugiya ba."

Ya ce, "Babu a injin! Sau nawa zan faɗa?"

"Babu a injin, babu a hannunka? Wa ya koya maka riƙe burushi?"

Na ga idonsa ya kawo ruwa, ni ma nawa haka, amma ban janye ba.

Inna tana zaune a kan tabarma da carbinta, ba ta sa mana baki ba sai a lokacin. Yaya ɗan farinta ne, ba ta faɗar sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye in da wani a wurin. Ni ta duba ta ce, "Ki gaya wa wancan, ɗakin da Malam ya yi aiki ba za a sa masa guduma ina cikin takaba ba. In na fita, ku kuka sani." Sannan ta ce, "Ke kuma ki rage murya, yayanki ne."

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna." Ni ma na ce to.

Iyakar abin da bangon ya samu ke nan, kwanakin takabar Inna, kuma suna tafiya. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, ni da ban saba rubuta abin da ya wuce awon riga ba. Ba yabo nake nema masa ba, an yi masa yabo a zaure har ya ishe mu. Masu cewa Wudil ta yi rashi, waɗansunsu su ne suka sauke allunansa suka yi ƙofar akurki da su. Ban hana kowa buga ƙyallensa a inji ba, zamani ne, da shi muka ci. Abin da nake cewa shi ne, akwai cikakken jerin haruffa masu takalmi a wani bango a garin nan, da Ɓ da Ɗ da aka yi su don bakinmu, aikin ran mutum guda. In akwai wanda ya iya shigar da irin wannan cikin kwamfuta, a jami'a yake ko a ina, ya tambayi kowane mai walda a bakin titi shagon mai rubutun allo da ya rasu, za a nuna masa. Ya zo tun bangon yana tsaye. Yaya ba zai hana ba, wannan na tabbata, shi ya fara kawo maganar. Wanda kuma ba zai iya komai ba, to ya daina ce min kowa ya gane.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa zafin ransa, ya sa tarin da ya sha ya zama kaffara. Allah ya ba Inna haƙuri, ya shirya tsakanina da ɗan'uwana.

Juma'ar da ta wuce na sake karɓar mabuɗin. Damina ta sa bangon ya fara jan danshi daga ƙasa. Haruffan fenti ba abin da ya same su. A gidan Ƙ kuwa akwai zane a kan zane, ban san wanne ne na ƙarshe ba, ban san wanne ya fi kusa da abin da yake nema ba, kuma allin ya fara dushewa. Guntun allinsa yana nan a kan taga inda ya ajiye. Na ɗauka na riƙe, na mayar. Ƙ ɗin Baba har yau da alli yake, ba a sa masa fenti ba.